Laifina Nono Ne, Kuma Nono Muke Sayarwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfaninmu na fura da nono da ke Mando, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, da Hajiya da yara da duk jama'ar gida na Unguwar Rimi. Allah ya ƙara girma, ya ƙara wa kamfani albarka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, jami'in sayen nono na wannan kamfani. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki, kuma shekara goma sha ɗaya ni ke jan sallar Azahar da La'asar a ɗan masallacinmu na bayan sito. Ba ɗabi'ata ba ce in kai maganar gida jarida. Sau uku na rubuta wannan koke a shafin koke-koken ma'aikata, sau uku kwamfuta ta ƙi aika shi, ta ce akwai batsa a ciki. Na rubuta a takarda na ba sakatariyarka, ita kuma ta miƙa wa sashen kula da ma'aikata, wato mutanen da nake kuka da su. Ranar Alhamis mai zuwa za a kawo maka wani fayil ka sa hannu, kuma idan ka sa, za a rubuta a tarihin aikina cewa ni, Isiyaku, ina neman batsa da kwamfutar ofis. Shi ya sa na biyo ta nan.

Kafin in shiga magana, a yi mini uzuri a kan kalma ɗaya. Injiniyoyi suna kiran na'urar da aka saka mana matatar intanet. Ni zan kira ta rariya, domin idan na rubuta matata wani zai ɗauka da iyalina nake, kuma wallahi na ga abin da kalma mai ma'ana biyu take jawo wa bawan Allah.

Na ɗaya. Yadda rariya ta shigo.

Bayan ƙaramar sallah Hajiya Rabi, shugabar sashen kula da ma'aikata, ta tara mu ta ce za a saka na'urar da za ta tace abin da ake buɗewa a kwamfutocin kamfani. Ta ce an gaji da kallon ƙwallo da caca da fina-finai a lokacin aiki, ga shafukan 'yan damfara, ga na rashin kunya. Ranka ya daɗe, na yi murna. Ni na fara tafi, ni kuma na rufe taron da addu'a, har na roƙi Allah ya ba wannan na'ura ikon tona asirin duk mai aikata ba daidai ba. Jama'a suka ce amin da ƙarfi, ni ma na shafa.

Waɗanda suka zo saka ta mutum biyu ne daga wani kamfani na nesa, masu ladabi, amma ko sannu ba su iya ba. Na'urar ta zo da jerin kalmomin batsa na Turanci. Sai wani mai hangen nesa a cikinmu ya ce ai mutanenmu da Hausa suke bincike, a ƙara na Hausa. Baƙin nan suka ɗauki jerin Turancin suka zuba a manhajar fassara, abin da ya fito suka ɗura wa rariya, suka tafi da mabuɗin. A cikin jerin akwai sunan wata gaɓa ta jikin mace, wadda kowane ɗayanmu ya sha kafin ya iya tafiya. Manhaja ta fassara ta daidai, ban ga laifinta ba. Sai dai babu wanda ya tsaya ya karanta abin da ke rubuce a jikin motocin da ke fake a ƙofar kamfani.

Na biyu. Abin da ya biyo baya.

Litinin da safe na zauna zan buɗe shafin ƙungiyar matan Fulani da muke sayen kaya a wurinsu. Sai fuskar kwamfuta ta yi ja, ga hoton tafin hannu a tsaye, ga rubutu cewa an toshe wannan shafi, rukuninsa batsa, an sanar da hukuma. Na ce a'uzubillahi, na ɗauka hannuna ne ya taɓa wani abu. Na sake dannawa. Ja. Na sake. Ni mutum ne mai naci, Yallaɓai, idan ƙofa ta ƙi buɗuwa ina sake turawa, da haka na yi shekara goma sha tara ban bar tukunyarku ta kwana babu kaya ba. Ban san kowace dannawa ana rubuta ta da sunana ba.

Na ce bari in gwada shafin kamfaninmu. Shi ma ja. To ai dole, tunda abu na farko da ke samansa shi ne takenmu da manyan baƙaƙe: Nononmu Ya Fi Na Kowa. Yallaɓai ba zai san wannan ba, domin an gaya mini kwamfutarka da ta manyan daraktoci ba sa bi ta rariya. Amma yau wata biyu ke nan babu ma'aikacin da ya iya buɗe shafin kamfanin nan daga cikin kamfanin nan.

Na je wurin Injiniya Bala, mai kula da kwamfutoci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce gyaran ba shi da wuya, kalma ɗaya za a cire, sai dai mabuɗin yana hannun waɗancan baƙin. Na ce a kira su. Ya ce ba sa karɓar koke ta waya, sai an cike fom a shafinsu an rubuta kalmar da ake so a saki. Muka cike fom tare, muka rubuta kalmar, rariya ta kama fom ɗin. Na ce ya aika da wayarsa, ya ce fom ba ya karɓuwa sai daga layin kamfani, don tsaro. Wannan gwajin ma da sunana aka rubuta shi, domin a kwamfutata muka yi.

Maganin da sashen Hajiya Rabi ya kawo shi ne wata sanarwa da aka manna a allo, cewa daga yau duk mai rubutu a kwamfuta ya riƙa sa madara a madadin kalmar nan. Haba jama'a! A kamfanin fura? Madara daban, nono daban, kindirmo daban, tsala daban, ko ɗan yaye ya san wannan. Amma doka ce, na bi. Na rubuta odar mako na ce a kawo madara. Ranar Laraba mota ta dawo cike da jarkokin madara sabuwar tatsa, mai ɗumi, babu ko alamar tsami, ga fura an riga an kirɓa tana jira. Inna Dije, shugabar matan Fulanin nan, ta kira ni da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Cikin tausayi ta tambaye ni ko jikin ne, domin tun zamanin marigayiya mahaifiyarka ba ta taɓa jin ɗan gidan nan ya kasa bambance nono da madara ba.

Daga nan kowa ya ƙirƙiro nasa. Masu sito suna rubuta farin kaya. Masu talla suna rubuta abokin fura. Wani a sashen sarrafawa yana rubuta abin nan, kawai, kuma ana gane shi. Ana cikin haka muka gano rariya ba ta son sunan wurin da muke karɓar kaya ma, wato Gindin Tsamiya. Aka ce a rubuta Ƙarƙashin Tsamiya. Sabon direbanmu ya wuni yana tambayar mutane hanyar wani gari da Allah bai halitta ba.

Na uku. Takardar tuhuma da zaman kwamiti.

Duk wannan da dariya na ɗauke shi, har ranar da aka miƙo mini takarda a cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Rariya, ashe, tana fitar da rahoto duk ƙarshen wata, ta jera ma'aikata daga wanda ya fi yunƙurin shiga haramtattun shafuka zuwa na ƙasa. Ni na zo na ɗaya a rukunin batsa. Tun firamare ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Tsakanina da na biyu kuwa akwai tazara mai nisa, kuma na biyun kwamfutar ɗakin gwaji ce, wadda ba ta da mai ita.

Yallaɓai zai ce ina sauran ma'aikata? Sauran suna da manyan wayoyi. Tun ranar farko da suka ga ja suka koma wayoyinsu, a can suke aikin, a can kuma suke kallon ƙwallonsu da cacarsu lafiya lau, rariya ba ta ganin su. Ni 'yar rakani-kashi ce da ni, kira da saƙo kawai. Ni kaɗai na ci gaba da yin aikin kamfani da kayan kamfani, ni kaɗai kuma aka kama.

Aka zaunar da ni gaban mutum uku: Hajiya Rabi, da Injiniya Bala, da shugaban sashen sarrafawa, wanda ya shigo da farar rigar aiki duk ɗigon abin da ake tuhumata a kansa. Hajiya Rabi ta ɗauko jerin abubuwan da na bincika ta fara karantowa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta iso kalmar sai ta sassauta murya ta kawar da kai. Ga kaɗan daga ciki, kuma ban musa ko ɗaya ba:

Nono mai kauri a Kaduna. Ina neman sababbin masu kawo kaya ne, saboda na damina yakan zo da ruwa-ruwa.

Yadda ake gane nonon da aka yi wa ƙari. Wasu suna zuba ruwa da garin kuka ko sitaci, aikina ne in gane.

Matan da suka fi kowa nono a yankin Igabi. Na yarda jimlar ba ta yi kyau ba. Da na san za a karanta ta a gaban Hajiya, da na sake mata tsari. Amma ƙungiyar da ta fi yawan shanu nake nema.

Me ya sa nono yake zubewa a hanya. Murafen jarkokinmu ne suka saki.

Hotunan nono. Sashen talla ne ya roƙe ni, za su buga kalanda.

Na yi bayani a kan kowanne. Injiniya Bala ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Na dubi Hajiya Rabi na tuna mata cewa ita Bakatsiniya ce, kullum da rana ana kai mata fura ofis, ta san abin da nake nufi. Ta ce ta sani sarai, ita a ranta ba ta zarge ni da komai ba, amma na'ura ta riga ta ba abin rukuni, kuma ita ba ta da hurumin canza rukunin na'ura. Ta nuna mini fom ɗinta. Gurbi biyu ne kawai a ciki. Na farko, ma'aikaci ya amsa laifinsa. Na biyu, ma'aikaci ya ƙaryata shaidar na'ura, wanda shi kuma wani laifin ne mai zaman kansa. Na tambaya ina gurbin wanda na'ura ta yi wa ƙazafi, ta ce ba a buga fom da shi ba.

Sai ta ce za su sassauta mini saboda shekaruna. Ba kora ba, gargaɗi ne a rubuce da zai zauna a fayil, sannan a tura ni wurin limamin masallacin kamfani ya yi mini nasiha na mako huɗu. Shugaban sashen sarrafawa ya yi gyaran murya ya tuna mata cewa ni ne limamin. Ta duba takardarta, ta yi ɗan tunani, ta ce to hakan ma ya rage wahala, sai in sa hannu a wuri biyu. Ikon Allah!

Na huɗu. Abin da ba ya cikin fayil.

Ranka ya daɗe, a nan dariyar take ƙarewa a wurina. Ban san wanda ya ɗauki hoton shafin farko na rahoton nan ba, amma kafin mako ya zagayo yana cikin wayar kowa. Hoton bai nuna jerin abin da na bincika ba. Sunana kawai ya nuna, da lamba ɗaya a gefensa, da kalmar batsa a sama.

Ranar Talatar da ta wuce na yi alwala na nufi masallaci kamar kullum, sai na tarar an riga an tayar da iƙama, mai kula da sito yana gaba. Na shiga sahu na uku. Da aka sallame, mutumin da ke damana, wanda ni na raɗa wa ɗansa suna, ya miƙo mini yatsu biyu ya tashi da sauri. Washegari ma haka. Ba limancin nake kuka a kai ba, wallahi wanda duk ya ja ni zan bi shi. Yadda suke kawar da ido ne yake ci mini rai.

A gida, ranar da na gaya wa Hajara, uwar 'ya'yana, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye, kwana biyu tana tsokanata da na ɗaya a aji. Sai ta je wani suna a layinmu na Kurmin Mashi. Matar wani direbanmu tana wurin. Hajara ta ce tana shiga ɗakin sai hira ta tsaya cak, wata tsohuwa kuma ta kama hannunta ta ce ta yi haƙuri, maza sai addu'a. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Ba ta tambaye ni ko na aikata ba, shekara talatin ta san wanda take aure. Abin da ta tambaya shi ne ko za a rubuta, domin ta ce maganar baki tana wucewa, amma idan mai kamfani ya sa hannu, 'ya'yanmu ma sai an nuna musu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, alhali ban yi komai ba.

Na biyar. Abu na ƙarshe a jerin.

Akwai abu ɗaya da Hajiya Rabi ba ta karanto ba, domin adireshin shafi ne kawai, ba ta gane shi ba. Ni na gane shi, na kuma yi shiru a gaban kwamiti don girman mai shi. Yanzu dole in faɗa.

Shafin tarihin kamfani ne, Yallaɓai. Wanda ke ɗauke da hoton mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, tana zaune da ƙwaryarta da ludayinta a bakin kasuwa, kafin a san za a yi injin ko ɗaya. Ita ta ɗauke ni aiki. Ranar da na zo neman aikin ba ta dubi takarduna ba, ƙwarya uku ta ajiye a gabana ta ce in ɗanɗana in nuna mata wanda aka yi wa ƙari. Duk shekara idan watan rasuwarta ya zagayo nakan buɗe shafin nan in dubi fuskarta in yi mata addu'a kafin in fara aiki. Bana na danna, sai ja. Na sake dannawa, na sake, domin raina ya ƙi yarda. Kan shafin, kamar yadda kai da kanka ka sa aka rubuta, shi ne Mama Mai Nono. Kalma biyu daga cikin ukun nan suna cikin jerin baƙin nan. Rariya ta sa shafin a rukunin da ta sa ni, kuma ta ba shi maki mafi tsanani.

Na yi fushi a ranar fiye da ranar da aka ba ni takardar tuhuma, kuma har yanzu ban huce ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙona.

Kada ka sa hannu a fayil ɗin nan ranar Alhamis sai ka sa an kawo maka cikakken jerin. A takardar da za a ba ka an rufe kalmar da taurari don kunya, harafin farko da na ƙarshe kawai aka bari, ba za ka san me ake nufi ba. Shi ya sa na rubuta ta ƙuru-ƙuru a nan sau da yawa.

A kira waɗanda suka tafi da mabuɗin, a zaunar da su da mutum biyu masu jin Hausa, a bi jerin nan kalma-kalma. Ban ce a cire rariya ba. Har gobe ina goyon bayan a tsare kwamfutocin kamfani daga ɓarna da 'yan damfara. Amma a bar mabuɗi a hannun wanda za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa, kuma kada a sake hukunta mutum da rahoton na'ura sai ɗan Adam ya karanta abin da ke ciki ya yi amfani da hankalin da Allah ya ba shi. A ƙara gurbi na uku a fom ɗin Hajiya Rabi.

A sauke sanarwar madara daga allo kafin mu rasa Inna Dije da matanta.

Sannan a wanke sunana a inda aka ɓata shi. Ba na son a kira ni ofis a rufe ƙofa a ce mini a yi haƙuri. A rubuta a takarda mai hatimi, a karanta ta a masallacin bayan sito bayan sallar Azahar, a ba ni kwafi ɗaya in kai wa Hajara ta nuna wa wadda ta ga dama a Kurmin Mashi.

Idan kuwa bayan duk wannan Yallaɓai ya ga na'ura ce mai gaskiya, to ba zan yi jayayya ba, zan karɓi gargaɗin, in yi wa kaina nasiha mako huɗu, in sa hannu a wuri biyu. Abu ɗaya kawai nake roƙo a sani kafin alƙalami ya sauka: shaidar da za a kama ni da ita, ita ce ta kama shafin Mama, a takarda ɗaya muke, layinta yana ƙarƙashin nawa. Ba za a iya gaskata na'ura a kaina a ƙaryata ta a kanta ba.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya tsare shi daga sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Allah ya albarkaci shanun da ake tatsa da matan da ke ɗaukowa da duk mai ci a ƙarƙashin wannan kamfani. Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta, ya sa a buɗe shafinta kafin watan rasuwarta ya sake zagayowa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku,
Jami'in sayen nono,
Kurmin Mashi, Kaduna.